Wanda Ya Kulle Ƙofa, Tukunya Tana Wuyansa

Ana cikin kwana na huɗu da sa dokar kulle ta korona a Kano, a watan Afrilun 2020, da hantsi aka yi sallama a ƙofar gidana. Na leƙa sai na ga ɗan garuwan da ya saba kawo mana ruwa, tsaye, ba kura ba jarka. Dattijo ne mai furfura jefi-jefi, wanda a shekarun da muka yi tare ban taɓa jin ya roƙi kowa ko goro ba. Muka gaisa daga nesa kamar yadda rediyo ta koya mana, sai ya ce, "Malam, ba maula na zo ba, tambaya ce ta kawo ni. An ce kowa ya zauna a gida kwana bakwai, an kuma ce kowa ya riƙa wanke hannu. To in ni na zauna, wa zai kawo muku ruwan wanke hannun?"

Na yi dariya, shi bai yi ba. Famfon unguwarmu ya shekara bai ɗiga ba, kowa ya sani. Na ba shi abin da ya sawwaƙa ya tafi, da daddare kuma na ji ƙarar kurarsa a lungu, yana turawa a hankali kamar mai satar hanya. Ni da na kwana ina ganin laifin masu karya doka, ni ne na fara miƙa masa bokiti.

Tun daga ranar nake jujjuya maganar yadda ya kamata hukuma ta tsananta wajen hana taro da tafiye-tafiye idan annoba ta ɓarke. Inda na tsaya shi ne, gwamnati tana da haƙƙin ta hana, wani lokaci ma wajibi ne a kanta, amma tsananin dokar kada ya wuce abin da za ta iya ɗaukar nauyinsa. Ta matsa sosai a kan taron da za a iya rayuwa ba tare da shi ba, ta sassauta a kan neman abinci, ta faɗi ranar buɗewa da abin da za ta yi kafin ranar. In ta kulle mutum a gida ba ta san abin da zai ci ba, ta sauya masa hanyar mutuwa ne kawai.

Kafin wani ya ɗauka ina cikin masu cewa korona ƙarya ce ko ciwon masu kuɗi ne, bari in share wannan. Ina Kano lokacin da masu haƙar kabari suka fara cewa aiki ya fi ƙarfinsu. A cikin 'yan makonni muka rasa dattawa bi da bi, malaman jami'a, 'yan kasuwa, masu sarauta, limamai. Ka buɗe waya da asuba ka ga ta'aziyya uku, kafin azahar ta zama bakwai. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, wasu na cewa zazzaɓin cizon sauro ne, wasu na cewa zafi ne da azumi. Daga baya, a watan Yuni, ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce binciken da aka yi ta hanyar tambayar iyalan mamatan ya ƙirga mutum 979, kuma tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na mace-macen suna da nasaba da korona. Wanda ya binne mahaifinsa a watan nan ba ya buƙatar a kawo masa hujja. Yaran da suka riƙa bin titi suna waƙar babu korona kuwa, Allah ya shirye su, ya shirye waɗanda suka koya musu.

To amma a duba sauran kason. Kusan rabin mutanen nan me ya kashe su? Ina da maƙwabci, tsohon ma'aikaci, mai ciwon suga da hawan jini, wanda ya shekara goma yana lallaɓa rayuwarsa da magani da ganin likita duk wata. Da aka kulle gari, ƙaramin asibitin da yake zuwa ya rufe ƙofa don tsoro. Jikinsa ya rikice da tsakar dare. 'Ya'yansa suka yi ta neman abin hawa, babu adaidaita sahu ko ɗaya a titi. Da ƙyar wani ya ara musu mota, suka je wuri biyu ana ce musu ba a karɓar mai numfashi sama-sama. Bai kai asuba ba. Ba a yi masa gwaji ba, kuma a lissafin hukuma ba ya cikin waɗanda annoba ta kashe. Ni dai a nawa lissafin, annoba da kulle sun yi tarayya a kansa.

Mene ne ma amfanin kulle tun asali? Wannan tambayar ce na ga ba a yi mana bayaninta ba. Kulle ba ya kashe ƙwayar cuta. Abin da yake yi shi ne rage saurin yaɗuwarta, don kada marasa lafiya su taru a asibiti rana ɗaya gadaje da iskar oksijin su ƙare, kamar yadda aka gani a Bergamo ta Italiya, inda sai da motocin soja suka riƙa kwashe gawarwaki. Wato rancen lokaci ne gwamnati take karɓa daga hannun jama'a. Wanda ya karɓi rance kuwa ana sa ran ya yi wani abu da shi: ya ƙara wuraren gwaji, ya bi sawun waɗanda suka yi mu'amala da masu cutar, ya tanadi wuraren killacewa, ya ba ma'aikatan lafiya kayan kariya. Mu a nan, an tabbatar da mutum na farko mai cutar a Kano ranar 11 ga Afrilu, gwamnatin jiha ta kulle gari daga daren 16 ga wata, kuma a daidai tsakiyar wannan kullen ne ɗakin gwaji ɗaya tilo da ake da shi a jihar ya dakatar da aiki na wasu kwanaki. Muna zaune a gida, ana binne mutane, babu mai iya cewa ga abin da ke kashe su. Ranar 27 ga Afrilu Shugaba Buhari ya ƙara mana mako biyu, ana cikin kwanakin farko na azumi.

Ƙasashen da muka kwaikwaya sun kulle ne da lalitarsu a buɗe. Ingila ta ɗauki nauyin kashi 80 cikin ɗari na albashin ma'aikatan da aka zaunar a gida. Amurka ta aika wa mutane dala 1,200. Ba ina cewa mu ma sai mun yi daidai da su ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ina cewa ne mun ɗauko rabin tsarin mun bar rabi. Gwamnatin tarayya ta ce za ta faɗaɗa rajistar gidajen da ake ba tallafi daga miliyan 2.6 zuwa miliyan 3.6, a ƙasar da ke da mutum wajen miliyan 200. A unguwarmu abin da ya iso shi ne 'yan buhunan hatsi da aka ce a raba wa ɗaruruwan gidaje, mai unguwa ya rasa ta inda zai fara, ya tara dattawa aka yi ta aune da kwano ana jin kunya. Sai a watan Oktoba, bayan zanga-zangar EndSARS, muka ga mutane suna fasa rumbunan ajiya a Jos da Legas da Kaduna da wasu garuruwan, suna fitowa da buhunan shinkafa da katan-katan na taliya masu tambarin tallafin korona. Hukumomi sun ba da nasu uzurin, wasu suka ce ana jiran lokacin rabo ne. Mai yunwar watan Afrilu dai bai ga amfanin buhun da ke jiran Oktoba ba.

Mafi yawan mutanen birnin nan sai sun fita suke samu. Ɗan dako a Singa, mai gugar kaya, mai faci, mai shayi, yaron shago a Kantin Kwari, matar da ke tuyar ƙosai a bakin layi, duk hannu baka hannu ƙwarya ne. Kuma gidan da ake cewa a zauna a ciki, wane irin gida ne? A Kurna ko Fagge ko Birged za ka tarar da mutum ashirin a tsakar gida ɗaya, bayi ɗaya, ɗakuna ƙanana masu taga kamar ta kurkuku, a watan da zafi ke haura digiri 40 kuma babu wuta. Ita wannan cuta ta numfashi ce, ta fi samun yadda take so a rufaffen wuri mai cunkoso, tana raguwa a sarari inda iska ke kaɗawa. Dokar da ta kori mutane daga gindin bishiya ta tura su cikin ɗaki, jika da kaka a tabarma ɗaya, ban ga wanda ta kare ba. An yi gudun gara ne an faɗa gidan zago.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ranakun sassauci. Da matsi ya yi yawa, aka ce to a fito ranar Litinin da Alhamis daga ƙarfe goma zuwa huɗu a sayi abinci. Na je kasuwa a ɗaya daga cikin ranakun nan, kuma tun da nake ban taɓa shiga turmutsutsu irinsa ba, ko a jajibirin sallah. Cinikin da garin ya saba yi cikin kwana bakwai aka dunƙule shi cikin yini biyu masu awa shida-shida. Takunkumina ya zame ya koma haɓa, ba ni da hannun gyara shi, ɗaya na riƙe da leda ɗaya na dafe da aljihu. Wata tsohuwa a gabana tana ta cewa, "'Yan nan ku yi mini a hankali," babu mai jin ta. A bakin banki ma haka, layi ya zagaye gini, kafaɗa da kafaɗa. In akwai ranar da cutar ta yi kasuwa a Kano, to ranakun nan ne. Da an bar kasuwannin abinci a buɗe kullum daga safe zuwa yamma, an baje 'yan kayan miya a filayen makarantun da ke rufe a kowace unguwa, da mutane sun watsu da kansu ba tare da bulala ba.

Bulala kuwa an yi ta. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta ce a makonni biyun farko na kulle a Najeriya jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a wajen tilasta bin dokar, adadin da ya zarce na waɗanda aka tabbatar cutar ta kashe a ƙasar a wancan lokacin. Ban san hujjar da ta fi wannan nuna cewa tsanani yana da iyaka ba.

Yanzu maganar tafiya. A nan ne mutanenmu suka fi samun sauƙin fahimta, domin addini ya riga boko. Hadisi ingantacce ne cewa idan aka ji annoba a wata ƙasa kada a shige ta, wanda kuma ta same shi a ciki kada ya fita don gudun ta. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, ya ji labarin annoba a can, ya yi shawara ya juya da jama'arsa. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji wannan. Saboda haka hana tafiya ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kuma ni ina goyon bayansa, da sharaɗin a yi shi a kan kari. Amfaninsa yana farkon lamari ne, lokacin da cutar take wuri ɗaya ba ta watsu ba. An samu mutum na farko a Legas a ƙarshen Fabrairu, wani ɗan Italiya, amma jiragen ƙasashen waje suka ci gaba da sauka har cikin makon ƙarshe na Maris, manya suna dawowa daga Landan da Jamus suna shiga taro suna musabaha. Lokacin da ya kamata a matsa, a kan mutane 'yan ƙalilan masu fasfo, sai aka yi sanyi. Da abin ya watsu sai aka zo aka matsa a kan miliyoyin da ko filin jirgi ba su taɓa shiga ba.

Hana zirga-zirga tsakanin jihohi kuma, duk wanda ya bi hanya a watannin nan ya san abin da ya zama. Wata larura ta iyali ta tilasta mini fita daga Kano sau ɗaya a lokacin. Kuɗin mota ya ninka. Direban ya ce mini, "Alhaji, ba ni na ƙara ba, hanya ce ta ƙara." Na gane nufinsa a shinge na farko: ya sauka, ya zagaya bayan mota, ya dawo, aka ɗaga itace. Haka a na biyu, haka a na biyar. Babu wanda ya auna zafin jikin kowa, babu wanda ya tambayi inda muka fito. A wani wurin muka sauka daga kwalta muka bi ta cikin ƙauyuka, inda yara suka kafa nasu shingen da igiya. Dokar ba ta hana kowa tafiya ba, ta dai sa wa tafiyar farashi, ta kuma karkatar da matafiya zuwa ƙauyukan da da ba za su bi ta cikinsu ba, inda ko ɗakin shan magani babu.

Kuma a daidai lokacin da ake hana ni da kai tsallaka iyakar jiha, gwamnonin Arewa da kansu suka riƙa loda almajirai a motoci suna mayar da su jihohinsu na asali. Yara ƙanana, an tara su a sansani, an cusa su a bas. Da aka gwada waɗanda aka sauke a Kaduna aka samu 65 suna ɗauke da cutar, a Jigawa aka samu 91. Hadisin da muka gama karantawa ya ce kada a fita daga garin annoba, ga hukuma tana fitar da mutane da motarta da manta. Duk ra'ayin da mutum yake da shi a kan almajiranci, kuma ni ina da nawa mai zafi, tsakiyar annoba ba lokacin warware shi da tirela ba ne.

Ba mu kaɗai muka yi irin wannan ba. Indiya ta ba mutane fiye da biliyan ɗaya sanarwar awa huɗu kacal kafin kulle a ranar 24 ga Maris 2020, 'yan ci-rani suka bi titi a ƙafa ɗaruruwan kilomita zuwa ƙauyukansu, wasu suka mutu a hanya. Gana ta kulle Akara da Kumasi, ta ga yadda abin yake yi wa masu neman na yau, ta buɗe bayan mako uku. A ƙarshen 2021 kuma da masanan Afirka ta Kudu suka gano sabon nau'in korona mai suna Omicron suka sanar da duniya, ladan da aka ba su shi ne rufe musu ƙofa. Ingila ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ta hana shiga a farkon Disamba, ta cire ta kafin kwana goma su cika, domin nau'in ya riga ya cika Landan. Ihu bayan hari ne, kuma darasin da ya koya wa ƙasashe matalauta shi ne, in kun ga sabuwar cuta ku yi shiru.

Inda nake ganin ya kamata hukuma ta ɗaure fuska ba sani ba sabo shi ne manyan taruka. Biki, suna, kamu, walima, gangamin siyasa, gidan kallon ƙwallo, zaman makoki na kwana uku da bakwai, hawan sallah. Duk waɗannan za a iya ɗage su wata biyu ko uku ba wanda zai kwana da yunwa, in ban da masu sana'ar da ke rataye da su, irin su makaɗa da masu hayar kujeru da masu girki, waɗanda su ne ya kamata tallafi ya fara nema. Aure yana ɗauruwa da waliyyi da shaidu. Gawa tana samun sutura da mutum ashirin. Cutar nan tana yaɗuwa tun kafin mai ita ya ji alamar komai, shi ya sa mutum ɗaya mai jin kansa garau zai iya shafa wa gommai a zauren biki guda. A nan tsanani yana da riba mai yawa, asararsa kaɗan.

Masallaci shi ne wuri mai wuyar taɓawa, kuma ba zan kauce masa ba. Ni ina ganin dakatar da Juma'a da jam'i na ɗan lokaci, a ganiyar annoba, abu ne da shari'a ta ba da dama. An yi wa mutane rangwamen yin salla a gida saboda ruwan sama da sanyi, balle cutar da ke kisa. Saudiyya ta dakatar da Umara, ta yi Hajjin 2020 da mutane ƙalilan mazauna ƙasar. Matsalar tana ga yadda aka isar da saƙon. A Kusada ta jihar Katsina an ƙona ofishin 'yan sanda a ƙarshen Maris bayan an kama waɗanda suka yi Juma'a. A Yamai matasa sun yi ta ƙone-ƙonen tayoyi a watan Afrilu saboda dokar hana fitar dare da hana jam'i, har gwamnatin Mahamadou Issoufou ta buɗe masallatai a tsakiyar Mayu. Ba na wanke masu ƙone-ƙone. Amma mutumin da ya ga an bar kasuwa ta cika maƙil ranar Alhamis, an rufe masa masallaci ranar Juma'a, kuma wanda ya kawo masa labarin ɗan sanda ne da kulki, me kake so ya fahimta? Inda aka zauna da limamai tun farko, aka yi musu bayani, aka bar su suka faɗa da bakinsu a kan mumbari da rediyo, an ga bambanci. Limamin unguwarmu, Allah ya saka masa, shi ya fara naɗe tabarmin masallaci, ya ce kowa ya zo da daddumarsa, ya mayar da sahu waje ƙarƙashin darbejiya, ya ce dattawa masu ciwo su yi a gida shi ya ɗauke musu. Babu wanda ya yi masa musu.

Yarda ce jarin duk wannan, mu kuwa jarinmu ya daɗe da karyewa. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, shekarar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, aka yi shekaru ana shari'a. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Gwamnatin da ke da irin wannan tarihi a bayanta, in za ta nemi mutane su bar sana'arsu da masallacinsu, sai ta fara nuna dokar a jikinta. Sai ga shi ranar 18 ga Afrilu 2020, kwana biyu da kulle mu, muna kallo a talabijin ana jana'izar Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, a maƙabartar Gudu da ke Abuja, manyan ƙasa sun yi cincirindo, a birnin da ake kama talaka in ya fito sayen burodi. Allah ya jiƙan mamacin, ba da shi nake ba. Amma hoton nan ya rushe abin da sanarwar rediyo ta wata guda ta gina. A Ingila da aka gano firaminista Boris Johnson ya halarci shagali a lokacin kulle, sai da 'yan sanda suka ci shi tara, kuma abin yana cikin abubuwan da suka yi awon gaba da kujerarsa. A nan kotunan tafi-da-gidanka sun ci tarar 'yan adaidaita da masu shaguna, ban ji babban da ya biya ko sisi ba.

Makarantu kuwa an rufe su a ƙarshen Maris, yawancinsu ba su dawo ba sai wajen Oktoba. An ce a yi karatu ta intanet, a gidajen da wayar uba ce kaɗai kuma babu cajin. Na san 'yan mata biyu a layinmu da ba su koma aji ba, an aurar da su kafin a buɗe. Yara su ne cutar ta fi ɗaga wa ƙafa, su ne kuma suka fi daɗewa a kulle, bayan an buɗe kasuwa da tasha da filin jirgi. Wannan jerin a juye yake.

Za a ce mini, ai yanzu ne kake da bakin magana, a lokacin babu wanda ya san yadda abin zai kasance. Gaskiya ne, kuma saboda haka ba na zargin wanda ya firgita ya kulle na mako biyun farko. An ga abin da ya faru a Wuhan, an ga Italiya, an san yadda asibitocinmu suke. Wanda ke kan kujera a ranar bai san cewa yawan matasanmu zai rage mana kaifin cutar ba, har adadin mamatan da hukuma ta ƙirga ya tsaya a dubu uku da 'yan kai, ko da yake kowa ya san ƙirgen bai cika ba. Wata annobar ma tana iya zuwa wadda ta fi wannan kisa, mai cin yara da matasa, wadda za ta sa ni da kaina in roƙi a kulle gari. Shi ya sa ban ce kada a taɓa kullewa ba. Abin da ban yafe ba shi ne sabunta dokar mako bayan mako ba tare da an gaya mana me aka yi da makon da ya wuce ba, gadaje nawa aka ƙara, mutum nawa aka gwada, wane adadi ake jira a gani kafin a buɗe.

Mun kuma taɓa gwada wata hanyar ta yi aiki. Da Patrick Sawyer ya shigo Legas daga Laberiya da cutar Ebola a watan Yulin 2014, Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti duk da matsin da aka yi mata, ta kuma rasa ranta a dalilin haka. Ba a kulle Legas ba. An ɗauko ma'aikatan da suka ƙware a yaƙi da shan inna, suka bi sawun mutum kusan 900 gida-gida, suna auna su kullum. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an gama. Na san Ebola daban ce, ba ta bin iska kuma sai mai ita ya kwanta take yaɗuwa, don haka bin sawunta ya fi sauƙi. Duk da haka tsananin da aka yi a lokacin an yi shi ne a kan mutanen da suka dace, 'yan ɗaruruwa, da ma'aikacin lafiya a bakin ƙofa maimakon soja a bakin titi.

Dokar da Shugaba Buhari ya dogara da ita ya kulle Legas da Ogun da Abuja ranar 30 ga Maris 2020 ita ce dokar killacewa ta 1926, wadda Turawan mulkin mallaka suka rubuta. Ba ta ce a ciyar da kowa ba, ba ta sa wa'adi ba, ba ta ce a koma gaban majalisa kafin a sabunta ba. Da aka kawo ƙudurin sauya ta a majalisar wakilai a wannan shekarar, sai ya zo da ƙarin iko ga jami'ai har jama'a suka yi ca a kansa. Ni abin da nake so in gani a rubuce kaɗan ne: kulle kada ya wuce mako biyu sai da amincewar majalisa a bainar jama'a, asibiti da kantin magani da kasuwar abinci da abin hawan da zai kai mutum can kada a taɓa rufe su, kuɗin ciyarwa ya fita rana ɗaya da sanarwar, ta hannun masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa waɗanda suka san gida-gida, a kuma karanta sunayen a fili, mai riƙe da muƙami da ya karya dokar tararsa ta ninka ta talaka.

Ɗan garuwan nan har yanzu yana kawo mana ruwa. Kwanakin baya na tuna masa da tambayarsa, ya yi murmushi ya ce shi abin da ya fi tunawa shi ne ranar da aka kama kurarsa a bakin titi, aka sace iskar tayoyinta biyu, ya turo ta haka har gida da jarka goma sha biyu a kai. Na ce to in aka sake kullewa fa? Ya sauke jarkar da ke hannunsa, ya goge zufa da hularsa, ya ce, "In sun kawo famfo, Malam, ni ma ina son in huta."